Ta yaya ɗan limamin ƙauye daga Maroko ya zama magajin garin Rotterdam?

Ɗan_Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure min kai game da Ahmed Aboutaleb, wanda ya riƙe kujerar magajin garin Rotterdam a ƙasar Holan daga 2009 zuwa 2024. Duk inda aka ba da labarinsa, a gurguje ake yi: an haife shi a wani ƙauye a Maroko, mahaifinsa liman ne, ya isa Holan yana ɗan shekara 15 bai san harshensu ba, sai kuma kwatsam ga shi yana jagorantar birnin da ke da tashar jiragen ruwa mafi girma a Turai. Tsakiyar nan da ake tsallakewa ita nake nema. Me ya raba iyalinsa da ƙauyensu? Da wace takarda suka shiga? Wace makaranta ce ke karɓar yaro mai shekara 15 da bai iya harshe ba? Kuma mutanen Rotterdam ne suka zaɓe shi ko naɗa shi aka yi? Masu sani ku taimaka mana dalla-dalla, Allah ya saka da alheri.

Malam_Na_Tsangaya ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in ɗauki ɓangaren asali, domin wanda bai san yankin Rif ba, wato tsaunukan arewacin Maroko inda ƙauyensu yake, zai yi wuya ya gane abin da ya sa gidaje suka riƙa kwasa suna tafiya Turai.

An haifi Aboutaleb ranar 29 ga Agusta 1961 a Beni Sidel, cikin lardin Nador, arewa maso gabashin Maroko, kusa da Melilla, garin da har yau yake hannun Sifaniya. Mutanen wurin Amazigawa ne, waɗanda ake kira Barbar, dangin Abzinawa ta fuskar harshe, kuma yaren da ake yi a gida shi ne Tarifit. Larabci a masallaci da makaranta yaro ke haɗuwa da shi. Beni Sidel ɗaya ce daga ƙabilu biyar da ake haɗawa a kira su Guelaya. Ƙasa ce ta tuddai da duwatsu, ruwan sama ba shi da tabbas, gonakin ƙanana ne, abin da ake samu sha'ir da ɓaure da zaitun da 'yan awaki, ga jama'a sun yi wa ƙasar yawa. Shi da bakinsa, idan yana ba da labarin yarintarsa, yakan ce gidansu ba lantarki ba famfo.

Maganar cewa mahaifinsa liman ne tana bukatar a tsaya a kanta, kada a ɗauka irin limamin babban masallacin birni ne mai albashi. A karkarar Maroko faƙihi suke ce wa limamin ƙauye, kuma jama'ar ƙauyen ne ke ɗaukarsa bisa yarjejeniyar da suke kira sharaɗi, yawanci ta shekara guda. Aikinsa ya ja salloli biyar, ya koya wa yara Alƙur'ani, ya sallaci gawa, ya karanta wasiƙa ya rubuta wa wanda bai iya ba. Su kuma su biya shi da hatsi idan an yi girbi, da ɗan kuɗi, da akushin abinci da gidaje ke kawowa bi da bi. Duk wanda ya san tsangaya ba zai ga baƙon abu a nan ba: mazhabar Malikiyya ce, ruwayar Warshu ce, allo ne da tawada, yara na zaune a ƙasa suna biyawa da ƙarfi, da safe a wanke allo a sake rubutu. Shekarar da ruwa ya yi gardama, ladan liman ma ya tafi tare da amfanin gona. Gida ne mai daraja da littafi, amma aljihu babu. A ganina duka biyun sun yi aiki a rayuwar yaron nan. Rashin ne ya fitar da su, sabo da zama gaban karatu kuma shi ya riƙe shi da suka isa can.

Sai tarihi. Arewacin Maroko ya faɗa hannun Sifaniya a 1912, yayin da Faransa ta ɗauki mafi yawan sauran ƙasar. A 1921 mutanen Rif ƙarƙashin Abdulkarim al-Khaɗɗabi suka ragargaza rundunar Sifaniya a Annual, suka kafa jamhuriyarsu, sai da Sifaniya da Faransa suka haɗa ƙarfi, har da iskar guba aka yi amfani, kafin ya miƙa wuya a 1926. Da aka sami 'yanci a 1956, Rabat ta turo ma'aikata masu Faransanci su mulki jama'ar da ta saba da Sifaniyanci, mutanen yankin suka ga an mayar da su saniyar ware. Bore ya tashi a 1958, sojoji ƙarƙashin yarima Hassan suka murƙushe shi a farkon 1959, shi ne kuma ya hau gadon sarauta a 1961, shekarar da aka haifi Aboutaleb. Daga nan hanya da makaranta da asibiti suka daɗe ba su isa Rif yadda ya kamata ba.

Abin da ke rufa wa gidaje asiri tun da can shi ne ci-rani. Mazan Rif kan tsallaka Aljeriya su yi aiki a gonakin inabi da alkama na Turawan Faransa a yankin Oran, su dawo da kuɗi. Yaƙin 'yancin Aljeriya ya dagula wannan, Turawan suka fice a 1962, sannan Maroko da Aljeriya suka gwabza a kan iyaka a 1963. Wannan ƙofa ta rufe ke nan tun Aboutaleb yana goye. A daidai lokacin ne masana'antun Turai ke neman hannu ido rufe. Maroko ta sa hannu kan yarjejeniyar tura ma'aikata da Jamus ta Yamma da Faransa a 1963, da Beljiyam a 1964, da Holan ranar 14 ga Mayu 1969. Gwamnatin Rabat ba ta ƙi ba, don ta rage matasan yankin da ke tayar mata da hankali kuma kuɗin waje na shigowa.

Wani abin da ake yawan kuskurewa: waɗanda aka ɗauka ta ofishin hukuma zuwa Holan 'yan dubbai kaɗan ne. Mafi yawa da ƙafarsu suka tafi. Mutum ya samu fasfo, ya bi ta Faransa ko Beljiyam, ɗan'uwa ko ɗan ƙauyensu ya nema masa aiki a masana'antar da yake, mai masana'anta ya nema masa izini daga baya. Shi ya sa akasarin 'yan Maroko na Holan 'yan Rif ne, har za ka tarar ƙauye guda ya koma unguwa guda. Mahaifin Aboutaleb yana cikin mazan da suka riga iyalansu yin gaba. Ahmed da mahaifiyarsa da 'yan'uwansa sun bi shi a 1976, suka sauka a birnin Hague.

Uwar_Biyu ta rubuta:

Allah ya ƙara sani, Malam. Zan ɗora daga 1976, domin shekarar ba haka kawai ta faɗo ba.

Gwamnatin Holan ba ta taɓa shirya wa zaman waɗannan mutane ba. Takardar manufarta ta 1970 cewa ta yi ƙasar ba ta masu zuwa su zauna ba ce, hannun aiki take so. Su ma mazan haka suka ɗauka, a tara kuɗi a koma gida. Shi ya sa suka yarda da kwana a gidajen haya na gwauraye, mutum shida ko takwas a ɗaki kan gadaje masu hawa biyu. A Rotterdam ɗin nan da Aboutaleb zai zo ya jagoranta, a watan Agusta 1972 mazauna unguwar Afrikaanderwijk sun yi kwanaki suna far wa irin waɗannan gidaje na Turkawa suna watso kayansu kan titi. Majalisar birnin ta amsa da dokar cewa baƙi kada su wuce kashi 5 cikin 100 a kowace unguwa, gwamnatin ƙasa ta soke dokar a 1974.

Abin da ya juya komai shi ne rikicin man fetur na 1973. Ƙasashen Larabawa sun sa wa Holan takunkumin mai, har aka hana fita da mota ranar Lahadi, kuma ɗaukar ma'aikata daga waje ya tsaya. Gwamnati ta zaci za su koma. Akasin haka aka samu, kuma dalilin a fili yake: da, mutum na iya zuwa gida ya yi shekara ya dawo, yanzu wanda ya fita ya bar izininsa ya mutu ba shi da hanyar komowa. Sai kowa ya riƙe abin da ke hannunsa ya aika a kawo masa iyali. A 1975 kuma aka halatta zaman ma'aikata wajen 15,000 da ba su da takarda, su ma suka sami damar neman nasu iyalan.

Takardar da iyali ke shiga da ita izinin haɗa iyali ce, kuma a kan mahaifin take rataye. Sai yana da izinin zama, yana da aikin da za a iya cewa zai ɗore, yana da gidan da hukuma ta yarda ya ishi yawan mutanen da za su zo, sannan ya kawo shaidar aure da ta haihuwar yara, yaran kuma waɗanda ba su kai shekarun cin gashin kai a doka ba. Gida ne ya fi tsayar da mutane, domin Holan na fama da ƙarancin gidaje a lokacin. Abin da lebura ke iya samu shi ne tsofaffin gidajen unguwannin da masu hali suka bari, irin Schilderswijk a Hague, masu ɗanshi, wasu ko wurin wanka babu. Takardar haihuwa ma ta ba da wahala, don a ƙauyuka da yawa ba a rajistar jariri. Shi ya sa za ka ga dattawa da dama a cikinsu an rubuta musu 1 ga Janairu ko 1 ga Yuli a matsayin ranar haihuwa.

Ina so a riƙe wannan kafin a fara yabo: iyalan sun iso ne daidai lokacin da aikin da ya kawo iyayen ke mutuwa. Ma'adinan kwal na Limburg sun rufe zuwa ƙarshen 1974, masaƙu suka bi, babban kamfanin ƙera jiragen ruwa na RSV ya durƙushe a 1983. Uba ya dawo gida ba aiki, ko bayansa ya lalace yana karɓar kuɗin nakasa, bai iya harshen da zai karanta wasiƙar makaranta ba, ɗansa mai shekara 12 ne ke yi masa tafinta a asibiti. Hukuma kuma, da yake har lokacin tana tunanin za su koma, tun 1974 ta sa ana koya wa yaran abin da ta kira harshensu da al'adarsu a makaranta. Larabci aka koya wa 'ya'yan Rif, alhali a gida Tarifit suke yi. Sai a 1979 majalisar masana da ke ba gwamnati shawara ta ce mutanen nan zama suka zo yi, aka fitar da cikakkiyar manufa a 1983. Shekarun da aka ɓata sun cinye yara masu yawa, kuma ba na jin daɗin yadda ake ɗaga Aboutaleb ana dukan sauran da shi.

Ga mai tunanin bin wannan sawu a yau, babu wata yarjejeniya irin ta 1969. Mai son kawo sabuwar mata ko miji sai dukkansu sun kai shekara 21, sai yana da albashi tsayayye, kuma tun Maris 2006 mai zuwan, in daga ƙasashe irin su Maroko ne, sai ya ci jarrabawar harshe da sanin ƙasa a ofishin jakadanci tun kafin ya taso.

Injiniya_Tudun_Wada ya rubuta:

Hajiya ta yi gaskiya, kuma amsar tambayar makaranta ita ce ke nuna inda ya sha da kyar.

Na farko, shekarunsa. Daga 1975 karatun dole a Holan ya koma shekara goma cur, wato har wajen shekara 16. Yaron da ya iso yana da 15 doka ta tilasta a ba shi kujera a aji. Wanda ya iso da 17 yawanci masana'anta ya nufa kai-tsaye. Tsakanin wa da ƙani a gida ɗaya, wannan tazarar ta shekara biyu kan raba rayuwarsu har abada.

Na biyu, yadda aka gina makarantun. Tun dokar ilimi ta 1968, yaro na gama firamare yana ɗan shekara 12 ake raba hanya, bisa shawarar malaminsa da sakamakon jarrabawa. Akwai VWO ta shekara 6 mai kaiwa jami'a, akwai HAVO ta shekara 5 mai kaiwa babbar makarantar sana'a, akwai MAVO ta shekara 4, sannan a can ƙasa akwai makarantun koyon sana'a, cikinsu har da LTS, ƙaramar makarantar fasaha. Wanda ya zo da shekara 15 ya riga ya wuce mararrabar. Ba mai iya auna ƙwaƙwalwarsa tunda ba ya jin tambayar, don haka kusan duk irinsu LTS aka zuba su. Nan Aboutaleb ya fara.

LTS shekara 4 ce, rabinta a ɗakin aiki: goge ƙarfe da zarto har ya yi daidai da awo, walda, haɗa wayar wuta a jikin allon katako, kafinta, gyaran mota, zanen fasaha da tsinken fensir. An gina ta ne don ta fitar da ma'aikacin hannu yana ɗan shekara 16 ko 17. Amma akwai 'yar ƙofa a cikinta. Jarrabawar fita tana da matakai, kuma wanda ya ɗauki lissafi da kimiyya a mataki na sama ya ci, yana da damar shiga MTS, makarantar fasaha ta tsakiya. Wanda aka sa a matakin ƙasa, ko da ya fi kowa iya walda, takardarsa ba ta buɗe wannan ƙofa. Iyaye da yawa ba su ma san akwai bambancin ba sai da aski ya zo gaban goshi.

MTS ita ma shekara 4 ce, ɗaya daga ciki ana yin ta ne a kamfani. Mai wannan takarda shi ne ƙwararren da ke tsakanin injiniya da lebura. Daga nan sai HTS, babbar makarantar fasaha, wata shekara 4 da zaman koyon aiki da aikin kammalawa. Mai gama ta yana sa ing. a gaban sunansa, wanda ya bambanta da ir. na masu fitowa daga jami'ar fasaha irin ta Delft. Aboutaleb ya hau duka ukun, ya gama a 1987 a fannin lantarki da sadarwa. Ku yi lissafi: hawa uku cikakku shekara 12 ne, shi kuwa daga saukarsa ƙasar zuwa kammalawa shekara 11, har da koyon harshe a ciki. Ya gama yana wajen shekara 26, alhali ɗan ƙasa da ya bi ta HAVO yana iya riƙe wannan takarda yana da 21 ko 22.

Mutanen Holan suna ce wa wannan hanya stapelen, wato jera takarda kan takarda kamar mai jera bulo. Kyawunta shi ne ba ta da gibi, kowace takarda mabuɗin ta gaba ce. Amma ga inda ake zubewa. Harshen ɗakin aiki daban yake da na littafi. Yaro zai iya hira da abokai cikin shekara guda, malamai su ɗauka ya iya, sai ya isa MTS ya haɗu da tambayar lissafi da aka rubuta cikin doguwar jimla, aikatau yana can ƙarshe, kalmomi uku an manne su sun zama ɗaya, ya faɗi ba don bai iya lissafin ba. Sai kuma albashi. Ɗan shekara 17 mai takardar LTS zai iya fara kawo kuɗi gobe, ga uba ba aiki, ga ginin da aka fara a ƙauye, ga dangi na jiran aike. Gidan da zai haƙura da wannan kuɗi har shekara 8 sai wanda ya ɗauki karatu da girma, kuma a nan ne nake ganin maganar Malam ta gidan liman ta shigo. Na uku shi ne zaman koyon aiki a kamfani: ba ka samu wuri ba, ba ka gama ba, kuma mai baƙon suna ya fi shan wuyar samu.

Sunayen sun canja tun daga lokacin. LTS ta narke cikin abin da ake kira VMBO tun 1999, MTS ta shiga MBO, HTS ta shiga HBO, kuma yaron da ya iso yanzu tsakanin shekara 12 da 18 yakan fara da ajin koyon harshe na shekara ɗaya zuwa biyu. A shekarun 1990 gwamnati ta yi ta rage wa mutane ƙwarin gwiwar jera takardu don tana ganin tsada ne, daga baya aka gane yaran talakawa da na baƙi aka toshe wa hanya.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya yi da takardar. Jarida ya shiga. Ya yi wa kafofin yaɗa labarai na Holan aiki, wato Veronica da rediyon NOS da sashen labaran RTL, daga nan ya koma jami'in hulɗa da 'yan jarida a ma'aikatar da ke kula da lafiya da walwala, ya yi aiki a majalisar tattalin arziki da zamantakewa ta SER da hukumar ƙididdiga ta CBS, a 1998 ya zama shugaban Forum, cibiyar da ke kula da al'amuran zaman ƙabilu daban-daban. Duk waɗannan ayyuka ne da harshe kaɗai ake cin abinci da su. Siyasar Holan kuwa ta takarda ce da muhawara, wanda bai mallaki harshen har ƙarshensa ba ba ya nisa a cikinta.

Ɗan_Fagge ya rubuta:

Allah ya biya ku, kun buɗe min ido. Saura tambaya ta ƙarshe. Rotterdam ce fa garin Pim Fortuyn, wanda ya yi suna wajen sukar Musulunci da baƙi. Ta yaya mutanen wannan gari suka yarda da ɗan liman? Kuma na ji an yi rigima kan fasfonsa.

Lauya_Damagaram ya rubuta:

Ɗan'uwa, amsar a taƙaice ita ce ba a jefa wa magajin gari ƙuri'a a Holan. Kada ka auna shi da shugaban ƙaramar hukuma. Naɗi ne da sunan sarauta, amma zaɓin na majalisar birni ne.

Ga yadda ake yi. Idan kujera za ta faɗi, majalisar birni tana zama da wakilin sarauta na lardin, ta rubuta irin mutumin da take so. A buga gurbin a jaridar gwamnati, masu so su rubuta takardar neman aiki ta hannun wakilin. Shi zai tace, ya miƙa sunaye ga wani kwamitin amintattu da aka haɗa daga 'yan majalisar. Kwamitin zai gana da masu nema a asirce, kuma fallasa sunan wani laifi ne da ake gurfanar da mutum a kai, domin yawancinsu suna riƙe da wani muƙami. Daga nan majalisa ta zauna a rufe ta tsayar da suna biyu bi da bi, na farko kaɗai ake bayyanawa. Ministan cikin gida ya sa hukumar leƙen asiri da ta haraji su bincika shi, sannan a sa hannu kan takardar naɗi. Wa'adin shekara 6 ne, ana iya sabuntawa idan majalisa ta nema, dole ya zama ɗan ƙasa, kuma dole ya koma birnin da zama. Aikinsa shugabantar zaman majalisa da na masu gudanarwa, da tsaron gari tare da shugaban 'yan sanda da mai gabatar da ƙara. Ana sa ran ya tsaya sama da jam'iyyu.

To lissafin kujeru ne ya yi aiki. Jam'iyyar Fortuyn ta gari, Leefbaar Rotterdam, ta lashe zaɓen Maris 2002, aka kashe Fortuyn ranar 6 ga Mayu na shekarar. Amma a zaɓen 2006 jam'iyyar ma'aikata ta PvdA, wadda Aboutaleb ke ciki, ta dawo da kujeru 18 cikin 45, Leefbaar tana da 14. Da magajin gari na lokacin, Ivo Opstelten, zai sauka, wannan majalisar ce ta tsayar da Aboutaleb a Oktoba 2008, aka rantsar da shi ranar 5 ga Janairu 2009, zamanin Sarauniya Beatrix.

Bai zo hannu rabbana ba. A 2004 ya zama ɗaya daga masu gudanar da birnin Amsterdam. Da wani matashi Musulmi ɗan asalin Maroko ya kashe mai shirya fina-finai Theo van Gogh ranar 2 ga Nuwamba na shekarar, Aboutaleb ya shiga masallacin Al-Kabir ya gaya wa jama'arsa cewa wanda bai yarda da ginshiƙan zaman ƙasar ba ƙofa a buɗe take ya tafi. Daga nan ya koma yawo da masu gadi. Maganar ta ɗaga shi a idon Turawa da yawa, ta kuma yi wa Musulmi da dama ciwo, don suna ganin an haɗa mai laifi da marar laifi. A Fabrairu 2007 ya zama ƙaramin ministan walwala da ayyukan yi, shi da Nebahat Albayrak haifaffiyar Turkiyya suka zama Musulmi na farko a gwamnatin ƙasar.

Nan rigimar fasfo ta taso. Geert Wilders, ɗan majalisar ƙasa mai adawa da Musulunci da baƙi, ya kawo ƙudurin rashin amincewa da su biyun saboda suna da ƙasa biyu, bai samu goyon bayan kowa ba sai 'yan jam'iyyarsa. A doka ga yadda abin yake. Dokar ɗan ƙasa ta Maroko ta 1958 tana ba ɗa ƙasar mahaifinsa tun daga haihuwa, ko a ina aka haife shi. Fita daga cikinta sai hukumar Maroko ta amince da takarda, abin da kusan ba a taɓa bayarwa ba. Ita kuma Holan, mai neman zama ɗan ƙasarta bayan shekara 5 na zama tana bukatar ya ajiye tsohuwar ƙasarsa, amma ta keɓe wanda ƙasarsa ba ta sakin mutum. Saboda haka ko ɗan Maroko ya mayar da ɗan littafin fasfon, a rajistar Rabat yana nan ɗan ƙasa, shi da 'ya'yansa. 'Yan Leefbaar sun ɗauko wannan magana lokacin naɗinsa, har a ranar rantsuwa aka miƙa masa ambulan mai adireshin sarkin Maroko wai ya aika da fasfon. Sun kuma yi ƙorafin cewa mutumin Amsterdam ne, wanda a Rotterdam ba ƙaramin zargi ba ne.

An sabunta masa wa'adi sau biyu, wa'adi na biyu ya fara a 2015, na uku a 2021, ya sauka da kansa ranar 1 ga Oktoba 2024, Carola Schouten ta gaje shi ta wannan hanya ta kwamitin amintattu. Lokacin sabuntawar farko, Leefbaar ce jam'iyya mafi girma a majalisar bayan zaɓen 2014, kuma ita ke jan gwamnatin birnin.